Dangantakar Ghana da Burkina Faso: daga Paga zuwa kasuwar Aboabo

Ghana, wadda ta samu 'yancin kai a 1957, da Burkina Faso, da ta samu nata a 1960 da sunan Haute-Volta, maƙwabta ne masu iyakar da ta haura kilomita 500. Babbar mashigarsu ita ce Paga, kimanin kilomita 200 arewa da Tamale.

Tarihi

A 1961 Kwame Nkrumah da Maurice Yaméogo sun rushe wata katanga a Paga, alamar kawar da shingen kwastan, amma shirin bai yi ƙarko ba. Zumunci ya yi ƙarfi a zamanin Jerry Rawlings da Thomas Sankara, daga 1983 har zuwa kisan Sankara a 1987. A Disamban 2022 an samu tsamin dangantaka bayan Shugaba Nana Akufo-Addo ya zargi Burkina da ɗauko sojojin hayar Wagner na Rasha. Al'amura sun lafa a 2025: Kyaftin Ibrahim Traoré ya halarci rantsar da John Mahama ranar 7 ga Janairu, Mahama kuma ya naɗa Larry Gbevlo-Lartey jakada na musamman a ƙawancen AES.

Kasuwanci

Burkina ba ta da teku, don haka wani kaso na kayanta a tashar Tema ake sauke shi, manyan motoci su bi ta Kumasi da Tamale zuwa Ouagadougou. Ta wannan hanya tumatir da dabbobin Burkina, da albasar Nijar, suke gangarowa kudu. Shi ya sa jinkiri a iyaka, ko sauyin farashin sidi da sefa, ba ya daɗewa bai iso Aboabo ba, babbar kasuwar sarin hatsi da doya a Tamale. Ghana na kuma sayar wa Burkina lantarki ta layin Bolgatanga zuwa Ouagadougou da aka ƙaddamar a 2018.

Ƙalubale

Idan aka saki ruwan madatsar Bagre da damina, gonakin arewacin Ghana kan sha ambaliya. Matsalar tsaro a Burkina ma na barazana ga direbobi da fatake. Burkina ta fice daga ECOWAS ko CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, sai dai ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun tafiye-tafiyen 'yan ƙasar har sai an ji sabuwar sanarwa.