Asibiti mai ƙashin ƙarfe: yadda ake gina shi da abin da yake tsoro

Bayaninmu na yau a kan manyan asibitoci ne, wato gidajen likita, waɗanda ake ginawa da ƙarfe.

Mene ne ginin ƙarfe?

A ginin da muka saba, na ƙasa ko na bulo, bango ne ke ɗauke da rufi. A nan kuwa ginshiƙai da azara na ƙarfe su ke ɗaukar nauyin duka, kamar yadda ƙashi ke riƙe da jiki. Bango aikinsa raba ɗakuna kawai. Ba rodin da ake sakawa cikin kankare muke nufi ba. Manyan ƙarafa ne da ake yankewa a masana'anta bisa awon injiniya, a kawo su a mota, a ɗaga da inji, a haɗa da walda ko manyan noti. Harsashi dai na kankare ne.

Me ya sa asibiti ke son sa?

Na farko, sauri. Kankare na bukatar kamar kwana 28 kafin ya yi cikakken ƙarfi, shi kuwa ƙarfe da ƙarfinsa yake zuwa. A birnin Wuhan na ƙasar Sin, lokacin korona, an fara asibitin Huoshenshan mai gado 1,000 ranar 23 ga Janairu 2020, aka miƙa shi ranar 2 ga Fabrairu. Ɗakuna ne masu firam ɗin ƙarfe da aka ƙera tun a masana'anta aka zo aka jera. Amma na gaggawa ne, an rufe shi a watan Afrilu na shekarar. Asibitin dindindin yana cin shekaru.

Na biyu, fili. Azarar ƙarfe tana yin nisa ba ginshiƙi a tsakiya, sai ɗakin tiyata ya samu sarari, bututun ruwa, na iskar numfashi da wayoyin lantarki su bi ta sama. In an sayo sabuwar na'ura gobe, ana iya gusar da bango ba tare da gini ya girgiza ba.

Abin da ƙarfe ke tsoro

Wuta. Ƙarfe ba ya ci da wuta, amma in zafi ya kai wajen digiri 600, rabin ƙarfinsa ya tafi, sai ya lanƙwashe. Kun ga kuma marar lafiya da ke kwance ba ya iya gudu. Shi ya sa ake lulluɓe ginshiƙai da kankare, ko allunan da ke tare wuta, ko wani fenti mai kumbura in ya ji zafi.

Tsatsa. Inda ruwa ke yoyo aka ƙyale, can take farawa.

Zafin rana. Ƙarfe mai tsawon mita 100 yana ƙaruwa da kusan santimita 3 da rabi in zafi ya hau da digiri 30, don haka ake barin ɗan rata tsakanin sassan gini.

Rawar daɓe. Tafiyar mutane kan sa benen ƙarfe motsi kaɗan, wanda ke damun na'urorin tiyata. Na'urar hoton jiki mai maganaɗisu ma ba ta son ƙarfe da yawa kusa da ita.

Darasi daga Amurka

Girgizar ƙasa ta 1971 ta lalata sabon asibitin Olive View a jihar Kalifoniya. Aka sake shi da bangaye na farantin ƙarfe a benayen sama. Da wata girgizar ta zo a 1994, ginin ya tsaya, amma bututun ruwa suka fashe, dole aka kwashe marasa lafiya na ɗan lokaci. Ke nan ƙarfin ƙashi kaɗai bai isa ba.

To a nan gida fa?

Siminti muna yin sa a Malbaza, manyan ƙarafa kuwa daga waje suke zuwa, ta tashoshin teku irin ta Lome, ga kuɗin mota. Saboda haka kankare ya fi yawa a gine-ginenmu. Ku da ke haɗa kuɗi don gina wa garinku ɗakin shan magani ko na haihuwa, in ƙarfe zai shiga aikin, ku tambayi mai gini abu uku: wane injiniya ya yi lissafin nauyi, da me za a kare ƙarfen daga wuta, kuma wa zai riƙa duba tsatsa bayan kowace damina.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.