Tarihin Masta-ki, Makullin da Ke Buɗe Kowace Ƙofa

Makalarmu ta wannan makon a kan masta-ki take, wato makullin nan da muke yawan damƙa wa ɓarawo ko ma'aikacin otal a labaranmu ya buɗe duk ƙofar da ya ga dama, alhali yawancinmu ba mu san yadda yake aiki ba.

Kwaɗo mai 'yan ƙusoshi a ciki tsohon abu ne, tun mutanen tsohuwar Masar suna sassaƙa irinsa da itace. Amma wanda muka saba da shi yau, mai siririn makulli mai haƙora, Linus Yale ƙarami ne ya yi masa rajista a Amurka a 1861 da 1865, bisa aikin da mahaifinsa ya fara. A cikinsa akwai ramuka biyar ko shida, kowane rami da ƙusa da aka raba gida biyu. Idan haƙoran makulli suka ɗaga kowace ƙusa har mahaɗarta ta zo daidai bakin ƙarfen da ke juyawa, sai kwaɗo ya buɗe. Ko ɗaya ta kuskure, ya ƙi.

Da manyan gine-gine suka yawaita, otal-otal da asibitoci da makarantu, sai ya zama shugaba ba zai iya yawo da makullai ɗari a ƙugu ba. Masu sana'ar sai suka ƙara ɗan guntun ƙarfe a tsakanin ƙusoshin, mahaɗa ta zama biyu a rami guda. Ɗaya ta makullin mai ɗaki ce, ɗayar kuma ta babban makulli. Daga nan aka gina matakai. Baƙo yana buɗe ɗakinsa kaɗai, mai shara yana buɗe hawa guda, manaja yana buɗe ginin duka, wani a samansa yana buɗe gine-gine da yawa. Duk wanda ya duba zoben makullan ma'aikata ya san wa ke gaba da wa.

Sai dai wannan sauƙin yana da farashi. Kwaɗo mai ramuka biyar da aka ƙara wa guntu a kowane rami, yanka iri 32 ne za su buɗe shi, mai shida kuma 64. Duk matakin da aka ƙara don jin daɗin na sama, ƙofar na ƙasa ce ke ƙara rauni.

A 2003 Matt Blaze, masanin tsaron kwamfuta a AT&T, ya wallafa yadda mai makullin ɗaki guda zai iya gano babban makullin ginin gaba ɗaya. Abin da yake buƙata kawai ƙofarsa, da magagari, da 'yan makullan da ba a yanka ba, sai ya riƙa gwada rami ɗaya bayan ɗaya. Masu sana'ar makulli da yawa sun fusata, suka ce ai sun daɗe da sanin wannan. Maganarsu gaskiya ce, amma da yawa daga waɗanda suka biya kuɗi aka sa musu kwaɗon ba a gaya musu ba.

Sai kuma batun akwatunan matafiya. Hukumar TSA, mai binciken kaya a filayen jirgin saman Amurka, tana riƙe da manyan makullan da ke buɗe kwaɗon akwatin da ta amince da shi. A 2014 jaridar Washington Post ta buga hotonsu. A 2015 wasu suka auna haƙoran daga hotunan makullan, suka saki zanen a intanet yadda kowa zai iya ƙera nasa. Ba a fasa ofishin kowa ba, hotuna ne kawai suka tona asirin miliyoyin akwatuna, kuma babu hanyar da za a bi a canza su duka.

Saboda haka idan za mu sa masta-ki a labari, mu tambayi kanmu wa aka ba amanarsa, a wane mataki yake, kuma ƙofa nawa za a canza wa kwaɗo ranar da ya ɓata. Amsar waɗannan kaɗai ta isa ta ɗauki babi guda.

Allah ya sa mu amfana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.