Matsakaicin jirgin ruwa mai filafili

Matsakaicin jirgin ruwa mai filafili jirgi ne na shaƙatawa da iska ke turawa, wanda tsawonsa yakan kama daga mita 9 zuwa mita 13, wato kusan ƙafa 30 zuwa 43. Filafili shi ne babban ƙyallen da ake ɗaurawa a jikin dogon jigo a tsakiyar jirgin domin ya tare iska. Irin wannan jirgi yana da ɗakunan kwana biyu ko uku, da wurin girki, da banɗaki, da ƙaramin injin dizal na shiga tasha ko na ranar da iska ta kwanta. Shi ne girman da iyalai suka fi saye domin yawon teku a Turai da Amurka da Ostiraliya.

Tarihi

Sunan da Turawa ke kiran jirgin, yot, ya fito ne daga harshen mutanen Holan, waɗanda suka ba Sarki Charles na Biyu na Ingila kyautar irinsa a 1660. An daɗe ana ɗaukarsa abin sarakuna da attajirai, domin da katako ake ƙera shi, kuma sai da ma'aikata yake tafiya. Abin ya sauya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka fara zuba gangar jikin jirgi da faibagilas, wato roba mai haɗe da zaren gilashi. Jirgin Pearson Triton na 1959 yana cikin na farko da aka ƙera da yawa ta wannan hanya. Catalina 30, wanda ya fito a Amurka a 1974, an ƙera fiye da 6,000 nasa. Manyan masu ƙera su a yau sun haɗa da Beneteau da Jeanneau a Faransa, da Bavaria a Jamus, da Hallberg-Rassy a Suwidin.

Girma

Tambayar farko wajen zaɓe ita ce mutum nawa ne za su tuƙa jirgin, ba mutum nawa zai kwana a ciki ba. A tafiyar iyali galibi manya biyu ne, kuma idan ɗaya yana kula da yara ko jirin teku ya kama shi, aikin duka ya koma kan mutum guda. Shi zai riƙe tuƙi, ya rage filafili idan iska ta yi ƙarfi, ya ɗaga anka.

Nauyi yana ƙaruwa fiye da yadda tsawo ke ƙaruwa. Jirgi mai mita 10 yakan kai tan 4 zuwa 6, mai mita 13 kuwa yakan haura tan 9, kuma filafilinsa da igiyoyinsa da ankarsa duk sun fi nauyi. Ribar da ake samu a gudu ba ta taka kara ta karya ba. Tsawon jirgi a saman ruwa ne ke iyakance gudunsa: wanda tsawonsa a ruwa ya kai mita 9 ba ya wuce kimanin kilomita 13 a awa, mai mita 12 kuwa kimanin kilomita 16. Abin da babban jirgi ya fi bayarwa shi ne fili da wurin ajiyar ruwa da abinci, kuma ba ya tangaɗi sosai.

Ƙira da tsaro

A ƙarƙashin jirgin akwai wani nauyi na baƙin ƙarfe ko dalma da ake kira kil, wanda ke hana shi kifewa. Tsofaffin jirage siriri ne, kil ɗinsu mai nauyi, ɗakunansu matsattsu. Na zamani sun fi faɗi, musamman ta baya, cikinsu da haske da sarari, abin da ke jan hankalin mai saye idan ya gan su a tasha. Sai dai faɗin da ke hana jirgi karkata a ruwa mai natsuwa yana iya sa ya jinkirta miƙewa idan raƙuman ruwa suka kifar da shi.

An gane haka a gasar Fastnet ta watan Agustan 1979, lokacin da guguwa ta afka wa jirage 303 tsakanin Ingila da Ayalan, 'yan gasa 15 suka rasu. A rukunin ƙananan jirage 58, ɗaya ne tak ya kammala gasar, wani Contessa 32 mai suna Assent, wanda tsawonsa bai kai mita 10 ba. Tun daga nan aka ƙara mai da hankali kan auna iya karkatar da jirgi zai yi ya sake miƙewa da kansa.

Tarayyar Turai ta kasa jiragen shaƙatawa gida huɗu. Rukunin A an ƙera shi ne domin iskar da ta wuce mataki na 8 a ma'aunin Beaufort da raƙuman ruwa sama da mita 4. Rukunin B yana ɗaukar iska har mataki na 8 da raƙuman ruwa har mita 4, C kuwa mataki na 6 da mita 2, sai D na ruwa mai kariya. Iyalin da zai tsaya kusa da gaɓa a Bahar Rum ba ya bukatar abin da mai niyyar tsallaka Atlantika yake bukata, kamar masu shiga ayarin ARC da ke tashi daga Las Palmas zuwa tsibirin Sent Lushiya kowace shekara, tafiyar kusan mil na teku 2,700.

Ga mai ƙananan yara, wurin zama mai zurfi a bayan jirgi, da madafa a kowane lungu, da ragar da ake ɗaurawa a gefe, sun fi ƙarin ɗaki amfani. Wasu iyalai suna zaɓar katamaran mai gangar jiki biyu saboda ba ya karkata, amma ya fi tsada, kuma tashoshi suna cajinsa ƙari saboda faɗinsa.

Kuɗi da dubawa

Farashin saye somin taɓi ne. Masu jirage sukan ƙiyasta cewa kuɗin tasha da inshora da gyara a shekara yana kai kusan kashi 10 cikin ɗari na darajar jirgin, kuma kuɗin tasha da tsawo ake lissafa shi. Yawancin iyalai na hannu suke saye, domin gangar faibagilas tana daɗewa. Abin da ke tsufa shi ne injin, da filafili, da wayoyin ƙarfen da ke riƙe jigo, waɗanda kamfanonin inshora da dama ke son a sauya bayan kimanin shekara 10.

Kafin a biya kuɗi, akan fitar da jirgin daga ruwa, ƙwararre ya duba ko ruwa ya ratsa faibagilas ɗin ya yi bororo, ya kuma duba ƙusoshin da ke riƙe kil. A watan Mayun 2014 kil ɗin jirgin Cheeki Rafiki, mai tsawon kusan mita 12, ya ɓalle a Atlantika yana hanyar komawa Ingila daga Antigua, mutum huɗu da ke ciki suka rasu. Binciken hukumar Birtaniya ya nuna cewa mai yiwuwa karon da jirgin ya yi da ƙasa a baya ne ya raunana mahaɗar kil ɗin. Shi ya sa akan tambayi mai sayarwa ko jirgin ya taɓa bugun ƙasa, kuma wa ya gyara shi.