Tamale: Garin Kaɗanya da 'Ya'yan da Ya Rena

Wanda ya ga Tamale a yau, da faɗinta, da manyan hanyoyinta, da babura da kekuna waɗanda ba su ƙidayuwa, zai yi tsammani tsohon birni ne irin Kano ko Katsina. Ba haka ba ne. A zamanin da fataken Hausa suke bin hanyar Gwanja da jakunansu, suna kai kanwa da tufafi da fatu su komo da goro, Salaga suke nufa. A ƙasar Dagwamba kuwa zangon da suka fi sani shi ne Yandi, gama a can babban sarki, wato Ya Na, yake zaune. Tamale a lokacin 'yan ƙauyuka ne kusa da juna a cikin itatuwan kaɗanya, da wata kasuwa da take ci kowane kwana shida. An ce sunan ma daga 'ya'yan kaɗanya aka samo shi a bakin Dagwamba.

Abin da ya ɗaukaka garin daga waje ya zo. A shekarar 1892 yaƙin basasa ya ci Salaga, kasuwarta ta watse, Hausawa da sauran baƙin da suke zaune a cikinta suka bazu, waɗansu Karachi, waɗansu Yeji, waɗansu suka yi arewa. A 1896 Jamusawa suka ci mayaƙan Dagwamba a Adibo, suka ƙone Yandi. Sa'an nan a 1899 Ingila da Jamus suka shata iyaka a tsakiyar ƙasar Dagwamba, ba tare da sun tambayi mai ita ba. Yandi ta faɗa hannun Jamus, yammacin ƙasar ya faɗa hannun Ingilishi. Da Yandi tana wajensu, watakila da can Ingilishi suka zauna, da kuma ba mu san Tamale yadda muka san ta ba. Amma da yake gidan sarki yana hayin iyaka, sai suka nemi wuri a tsakiyar ƙasar da suke mulki. A 1907 suka ɗauke hedkwatarsu daga Gambaga suka kawo ta Tamale.

Da zuwan bariki sai mutane suka biyo. Sojoji da 'yan sanda suka zo, yawancinsu da Hausa suke magana ko da ba Hausawa ba ne, domin ita ce harshen bariki. Akawuna suka zo daga kudu. Mahauta, da majema, da maɗinka, da malamai da almajiransu suka sauka kusa da kasuwa. Har wa yau sunayen unguwanni suna ba da wannan labari: akwai Zangon Hausa, akwai Zangon Mosi, akwai Sabonjida, wadda duk mai jin Hausa ya san sabon gida ke nan. Majeman Zango suna nan suna jeme fatu kamar yadda kakanninsu suka yi. Su kuwa Lamashegu, da Choggu, da Kalpohin, da Sagnarigu, ƙauyuka ne masu sarakunansu, garin ya yi ta girma har ya haɗiye su. Kada mai karatu ya ɗauka Tamale garin Hausa ne irin zangon Kumasi. Masu gari Dagwamba ne, harshensu ne yake mulkin kasuwa, kuma gidan Dakpema da na Gulkpe Na su ne gidajen sarauta. Bahaushe baƙo ne a nan, ko da yake tsohon baƙo.

To, me Turawa suke so da arewa? Ba zinariya, ba koko. Abin da suka gani shi ne ƙarfin samari. Ta Tamale aka riƙa tara 'yan ƙodago ana tura su ramukan zinariya na Tarkwa, da aikin hanyar jirgin ƙasa, da gonakin koko na Asante. Ita hanyar jirgin da 'yan arewa suka sha wahalar shimfiɗawa a kudu ba ta iso arewa ba, ko da yake tun zamanin Gwamna Guggisberg ake maganarta. Makarantar gwamnati ta farko an buɗe ta a Tamale a 1909, makarantar horon malamai ta Bagabaga a 1944, amma sakandare sai a 1951. A kudu, a Cape Coast, Methodist sun buɗe sakandare tun 1876. Tazarar shekara 75 ke nan, kuma ba sakaci kaɗai ba ne, gama yaron da ya yi karatu ba ya yarda ya shiga rami da diga. Wannan damuwa ce ta sa sarakuna da 'yan bokon arewa suka taru a Tamale a 1954 suka kafa jam'iyyar NPP ta mutanen arewa, suna tsoron kada a sami 'yancin kai arewa ta zauna baran kudu. A cikinsu akwai S. D. Dombo da Mumuni Bawumia. Ɗan wannan Mumuni, wato Mahamudu Bawumia, a Tamale aka haife shi a 1963, ya yi sakandare a nan, ya kuma zama mataimakin shugaban ƙasa daga 2017 zuwa 2025. Duk da haka hanyar kudu ba ta rufe ba. 'Yan matan da suke dako a kasuwannin Akra da Kumasi, waɗanda ake kira kayayei, da yawansu daga ƙauyukan Dagwamba da Mamprusi suke fitowa. Rabin sunan ma kalmarmu ce, kaya.

Bishara ma ta daɗe a bakin ƙofa kafin a bar ta ta shiga. Mutane da yawa suna zato duk inda Bature mai mulki ya sauka, ɗan mishan yana bayansa. A Tamale akasin haka aka yi. Limaman Katolika da ake kira Fararen Fada sun sauka Navrongo a 1906, amma hukuma ta tsare su a can ƙurya, ba su sami zama a Tamale ba sai 1946. Methodist sun gwada kafin yaƙin duniya na farko, suka yi ta samun saɓani da babban kwamishina, suka janye. 'Yan mishan na Basel sun zauna Yandi daga 1913, yaƙi ya kore su bayan shekara uku. Sai a 1931 Lloyd Shirer da matarsa Margaret, na Assemblies of God, suka gangaro daga ƙasar Mosi suka sauka Yandi, daga nan aikinsu ya kai Tamale da Kumbungu. Saboda haka masu bi na farko a garin akawuna ne da ma'aikata daga kudu, waɗanda suke taruwa ran Lahadi su yi sujada da harshensu. Mutumin gari ya duba, ya ce wannan addinin baƙi ne. Wannan zato bai gushe ba gaba ɗaya, kuma ba daidai ba ne mu ɗora wa maƙwabtanmu laifinsa duka, gama ikilisiyoyi da yawa sun yi shekaru a garin ba su koyi gaisuwa da Dagwamci ba. Musulmi su ne mafi yawa a Tamale nesa ba kusa ba, babban masallacin yana tsakiyar gari, kuma makarantar Anbariyya ta Afa Ajura ta yaye malamai masu yawa. Masu bi kuwa yawancinsu Dagarti ne, da Farafara, da Kasena, da Bulsa, da Konkomba, da mutanen kudu, da Dagwamba kaɗan.

A cikin waɗanda suka kawar da sunan baƙunci daga ikilisiya, babu kamar Peter Poreku Dery. An haife shi a 1918 kusa da Nandom, ɗan gidan masu bin al'adar gargajiya. Ya zama firist a 1951, bishop na Wa a 1960, inda ya shigar da harshen Dagarti da kiɗansu cikin sujada. A 1974 aka kawo shi Tamale, a 1977 ya zama babban bishop na farko a garin, ya riƙe aikin har 1994, shekarar da yaƙin ƙabilu da ake kira yaƙin zabuwa ya ci dubban rayuka a yankin. Ya iya neman wurin hutu a Roma ko a Akra. Ya zauna Tamale. A 2006, yana da shekara 87, aka naɗa shi kadinal, ya rasu ran 6 ga Maris 2008, aka binne shi a garin. A Tamale kuma cibiyar GILLBT ta kafa hedkwatarta, wadda ta ɗauki aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa harsunan arewacin Gana da koya wa manya karatu da su.

Amma in kana so ka ga mutanen Tamale sun zama baki ɗaya, ba a masallaci ba ne, ba kuwa a majami'a ba. A filin ƙwallo ne. A 1976 aka kafa ƙungiyar Real Tamale United, wadda kowa yake kira RTU. A da, a tsohon filin Kaladan take wasa, fili mai ƙura da zafin rana, inda manyan ƙungiyoyin kudu, Asante Kotoko da Hearts of Oak, ba su son zuwa. Ga mutumin arewa da aka saba kiransa ɗan ƙodago da mai gadi, ranar da RTU ta ka da Kotoko ba ranar wasa kaɗai ba ce. A bakin wannan fili ba a tambayar mutum ko ɗan gidan Abudu ne ko na Andani, ko da yake rigimar waɗannan gidaje biyu a kan sarautar Yandi ta raba garin shekaru da yawa, har ta kai ga kisan Ya Na Yakubu Andani na biyu a 2002, ba a naɗa sabon sarki ba sai 2019.

A wannan ƙungiya Abedi Ayew, wanda duniya ta sani da Abedi Pele, ya fara suna. Iyayensa mutanen Paga ne, ya tashi a kudu, ya zo Tamale yana yaro. Yana ɗan wasan RTU, da shekara 17, aka ɗauke shi cikin 'yan wasan Gana da suka ci kofin Afirka a Libiya a 1982, kofin da Gana ba ta sāke ɗauka ba tun daga nan. A wannan shekara ya tafi Katar, daga baya Faransa. Ya zama gwarzon Afirka sau uku a jere, 1991 da 1992 da 1993, kuma shi ya bugo kwanar da Marseille ta ci AC Milan da ita a wasan ƙarshe na kofin Turai a 1993. Mohammed Gargo ma daga RTU ya fito, ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Italiya a 1991, Italiya kuma ta riƙe shi.

Waɗanda suka biyo baya ko tsayawa a RTU ba su cika yi ba. Mubarak Wakaso, haifaffen Tamale, ta Obuasi ya bi zuwa Sifen, ya ci ƙwallo 4 a kofin Afirka na 2013. Abdul Majeed Waris makarantar ƙwallo ta kudu ta ɗauke shi, a 2012 ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Suwidin. Baba Rahman ya bi ta Kumasi da Jamus, Chelsea ta saye shi a 2015. Abdul Fatawu Issahaku ya fara a Steadfast ta Tamale, aka zaɓe shi gwarzon gasar matasan Afirka a Muritaniya a 2021, sai Fotugal, sai Leicester a Ingila. Kada mu manta da Mukarama Abdulai, yarinyar Tamale da ta ci ƙwallo 7 a kofin duniya na 'yan mata ƙasa da shekara 17 a Yurugwai a 2018, ta ɗauki takalmin zinariya. Ba wanda zai ga laifin yaron da ya tafi inda za a biya shi, iyayensa suna jiran abin da zai aiko. Sai dai hanyar ita ce dai wadda kakanninsu suka bi zuwa Tarkwa. RTU da ta rena Abedi ba ta taɓa cin gasar ƙasa ba. Da kofin ya zo arewa a karo na farko a 2016, Wa All Stars ce ta kawo shi.

Mutumin da ya fi ɗaukar nauyin RTU shi ne Alhaji Aliu Mahama, haifaffen Yandi, tsohon ɗalibin sakandaren Tamale, ɗan kwangilar gini. Yana cikin waɗanda suka kafa ta, ya kuma shugabance ta. Daga 2001 zuwa 2009 shi ne mataimakin shugaba Kufuor, Musulmi na farko da ya riƙe wannan muƙami a Gana. A zamaninsa wani kamfanin Sin ya gina sabon fili mai ɗaukar mutum wajen 20,000 domin gasar kofin Afirka ta 2008. Tunisiya, da Angola, da Senegal, da Afirka ta Kudu suka yi wasanninsu a nan, sa'an nan Kamaru ta fitar da Tunisiya da ci 3 da 2 bayan ƙarin lokaci. Aliu Mahama ya rasu a Nuwamba 2012, a 2017 aka sa wa filin sunansa.

Bai ga abin da ya sami ƙungiyarsa ba. A 2013 RTU ta faɗi daga babban rukuni, ta yi shekara takwas a ƙasa, ta hau a 2021, ta sāke faɗuwa a 2024 cikin ƙarancin kuɗi. Tamale City ta hau a 2022, shekara ɗaya ta yi ta sauka. A 2023 ɗan majalisar Tamale ta Kudu, Haruna Iddrisu, wanda shi ne mai Steadfast, ya sayi ƙungiyar Karela United daga ƙasar Nzema, can kusa da bakin teku, aka ɗauko ta zuwa arewa, ta riƙa buga wasanninta na gida a Nalerigu da Tamale.