Taswirar Ƙwallo Ba Ta Bin Teku da Dutse

Ɗauki taswirar duniya irin wadda ake ratayewa a ajin labarin ƙasa, ka ɗora mata taswirar hukumomin ƙwallon ƙafa, za ka ga iyakokin sun ƙi hawa juna. Isra'ila tana Gabas ta Tsakiya, amma da Turawa take karawa. Ostareliya ta bar maƙwabtanta na tsibiran Pasifik tun 2006, ta koma buga wasa da Japan da Saudiyya. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da mambobi 193, FIFA kuwa 211. Ni dai a karatuna na tarihin wasan nan, duk inda na ga taswirorin biyu sun saɓa, idan na tona sai na tarar da tsohuwar rigima ko tsohon mulki a binne.

Birtaniya ƙasa ɗaya ce a Majalisar Ɗinkin Duniya, amma a fili ta zama huɗu: Ingila, Scotland, Wales da Ireland ta Arewa. Dalili shi ne hukumominsu na ƙwallo sun girmi FIFA. Ingila da Scotland sun kara a Glasgow tun 1872, FIFA kuwa sai 1904 aka kafa ta a Paris. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, don haka aka bar su da gatansu.

Labarin Isra'ila ya fi sarƙaƙiya. A wasannin neman shiga Kofin Duniya na 1958, Turkiyya ta ƙi karawa da ita, Indonesiya ta ƙi, Sudan ma ta ƙi. Sai ga Isra'ila a bakin ƙofar gasar ba ta taɓa ƙwallo ko sau ɗaya ba. FIFA ta ce haka ba za ta yiwu ba, aka jefa ƙuri'a a cikin ƙasashen Turai da aka riga aka fitar, Wales ta samu, ta ci Isra'ila biyu da nema gida da waje. Wato ƙin wasan da aka yi a Khartoum ne ya kai Wales Kofin Duniya, kuma ba ta sake leƙa shi ba sai 2022. Isra'ila ta ɗauki Kofin Asiya a gidanta a 1964, amma a 1974, bayan yaƙin 1973, Kuwait ta kawo ƙudurin da ya fitar da ita daga wasannin nahiyar. Ta yi shekaru tana gararamba, har da buga share fage da New Zealand, kafin hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta karɓe ta a 1994.

Tamu taswirar ta Afirka ma da gwagwarmaya aka zana ta. Ƙasashe huɗu ne suka kafa hukumar ƙwallon Afirka, CAF, a Khartoum a 1957: Masar, Sudan, Habasha da Afirka ta Kudu. Tun a gasar Kofin Afirka ta farko aka cire Afirka ta Kudu, saboda ta ƙi haɗa baƙaƙe da fararen fata a tawaga ɗaya, kuma ba ta dawo ba sai 1992. Da ta karɓi baƙuncin gasar 1996, Najeriya mai riƙe da kofin ta ƙi zuwa, sakamakon tsamin da ya shiga tsakanin Janar Abacha da Mandela kan rataye Ken Saro-Wiwa. Hukuncin da ya biyo baya ya hana Super Eagles gasar 1998.

Wurin da na fi tsayawa shi ne Kofin Duniya na 1966. Cikin gurabe 16, Turai ta kwashi 10, Afirka da Asiya da yankin Pasifik kuwa aka ce su yi kokawa a kan guda ɗaya. Ghana ta Nkrumah ta tsaya kai da fata, ƙasashen Afirka suka ƙaurace wa gasar baki ɗaya. Abin mamaki, wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar, Eusebio mai ƙwallaye 9, haifaffen Mozambik ne, amma rigar Portugal ya sa, don a lokacin ƙasarsa tana hannun 'yan mulkin mallaka. Ƙauracewar ta yi aiki: aka ware wa Afirka gurbinta a 1970, Maroko ta je.

Su ma magoya baya suna da tasu taswirar. Iyakar da Ingilishi da Faransawa suka ja tsakanin Katsina da Maraɗi ba ta raba harshe ba, ba ta raba zumunci ba, amma ta raba tashar da ake kamawa: nan DStv da sharhin Turanci, can Canal+ da Faransanci. A gidajen kallo na Kano, gasar Firimiya ce sarauniya. Zuwan Kanu Arsenal a 1999 ya jawo mata ɗimbin masoya, Mikel ya yi wa Chelsea haka daga 2006. Matashin da ke tada jijiyar wuya a kan ƙungiyar Landan yana ganin zaɓinsa ne, alhali mulkin mallaka da tauraron ɗan'adam sun riga sun taƙaita masa zaɓin.

Sai dai taswirar ba a dutse aka sassaƙa ta ba. A FIFA kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya take da ita, Nijar da Jamus daidai suke a ranar zaɓe. João Havelange na Brazil ya fahimci haka a 1974, ya nemi ƙuri'un Afirka ya kayar da Stanley Rous na Ingila a zaɓen shugabancin FIFA, ya kuma faɗaɗa gasar Kofin Duniya zuwa ƙasashe 24 a 1982. Yau CAF tana da ƙuri'u 54, an ware mata gurabe 9 kai tsaye a gasar 2026, Maroko kuma tana cikin masu masaukin baƙi a 2030. Nahiyar da aka hana ta gurbi ɗaya cikakke a 1966, yanzu duk mai son kujerar shugabancin FIFA sai ya biyo ta ƙofarta ya yi gaisuwa.