Rabon Aiki Tsakanin TBP da Danginsa a Farkon Rayuwar Tayi

Tsakure

Maƙalar nan ta waiwayi gwaje-gwajen da aka yi a kan kwaɗo, kifi da ɓera, domin auna ra'ayin da ya daɗe a littattafai cewa ba a kwafar saƙon kowace ƙwayar gado sai da furotin TBP.

Gabatarwa

Da guzurin uwa ƙwan kwaɗon Xenopus ke fara rayuwa. Da zarar maniyyi ya shiga, sai ƙwan ya yi ta rabuwa kusan kowane minti 30, alhali DNA ɗinsa bai fara aiki sosai ba. RNA da furotin ɗin da uwa ta ajiye su ke tafiyar da komai. A 1982 Newport da Kirschner suka nuna cewa sai bayan rabuwa ta 12, tantani sun kai wajen 4,000, tayin ke shiga kwafar saƙonsa gadan-gadan. Ɓera kuwa tun yana tantani biyu yake farawa.

Wa ke buɗe wannan ƙofa? Amsar da aka saba ji ita ce TBP. Shi ke kama DNA a gurbin TATA, kimanin harafi 30 kafin mafarin kwafa, ya lanƙwasa shi, sauran furotin su taru har RNA folimares na biyu, mai yin kwafar, ya samu wurin zama.

Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

A 2000 Veenstra da abokan aikinsa suka rage TBP a tayin kwaɗo. Tayin bai kammala girma ba, amma wasu ƙwayoyin gado sun ci gaba da aiki, kuma an gano akwai waɗanda suka dogara da ɗan'uwansa TLF. Müller da abokansa sun ga makamancin haka a kifin zebra a 2001. Na ɓera ya fi ɗaukar hankali: a 2002 Martianov da abokansa suka cire ƙwayar gadon TBP ɗungurungum, tayin ya mutu tun bai kafu a mahaifa ba, amma folimares na biyu bai daina kwafa ba. Folimares na ɗaya da na uku ne suka tsaya.

Sai kuma TBP2, wanda ya keɓanta ga dabbobi masu ƙashin baya. A ƙwan da ke girma cikin uwa shi ke riƙe da gurbin TBP, shi ya sa macen ɓeran da ta rasa shi ba ta haihuwa. Rashin TLF kuwa namiji yake hana wa haihuwa.

Tattaunawa

Akwai inda ya kamata a yi hattara. Rage furotin daban, kawar da shi daban, domin ragowar guzurin uwa na iya ɓoye gaskiyar lamari, musamman a kwaɗo da kifi. Duk da haka, da wuya a ce dabbobi uku da hanyoyin gwaji mabambanta sun haɗu a kan kuskure ɗaya. A ganinmu, bayanin da ke sa TBP a mafarin kowace ƙwayar gado bai dace da tayi ba, kuma ya kamata a gyara yadda ake koyar da shi.