Yadda Takardar Gwaji Ta Zama Mabuɗin Ƙarin Lokaci a Jami'o'in Amurka

A jami'o'in Amurka, ɗalibin da karatu ko tattara hankali ke yi wa wuya yana da haƙƙin a ƙara masa lokaci a ɗakin jarrabawa. Amma galibi sai ya kawo rahoton masanin halayyar ɗan Adam da ya gwada shi. Wannan takarda tana da dogon tarihi.

Likitoci ne suka fara lura da matsalar karatun. A 1887 wani likitan ido a Jamus, Rudolf Berlin, ya raɗa wa matsalar suna disleksiya. A 1896 likitan Ingila Pringle Morgan ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Percy, mai kaifin basira, wanda ko sunansa ya zo rubutawa sai ya birkita haruffan. Malaminsa ya ce da a ce da baki ake koyar da komai, da babu wanda zai sha gabansa a makarantar.

Ma'aunin kuwa daga Faransa ya fito. Alfred Binet da Theodore Simon suka tsara gwajin basira a 1905 don gano yaran da ke buƙatar taimako. David Wechsler ya fitar da na manya a Amurka a 1939, kuma jikokin gwajinsa ne ake zaunar da ɗaliban jami'a a kansu har gobe: a jera 'yan tubala su yi daidai da zane, a maimaita lambobi daga ƙarshe zuwa farko, mai gwaji na riƙe da agogo.

Doka ce ta kai maganar jami'a. Sashe na 504 na dokar 1973 ya hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa masu naƙasa bambanci, dokar 1990 ta faɗaɗa wannan. Hanyar tantancewa da ta yi tashe ita ce a auna basira, a auna iya karatu, in tazara ta yi yawa a ce akwai matsala. Aibinta shi ne sai yaro ya sha kaye sosai kafin tazarar ta bayyana, shi ya sa dokar 2004 ta sauke wa makarantu wajabcinta.

Rikici mafi daɗin ji ya faru ne a Jami'ar Boston. A 1995 wani babban jami'inta, Jon Westling, ya ba da labarin wata ɗaliba, Samantha, da ya ce ta kawo masa takarda cewa tana iya yin barci a aji, don haka a yi mata uzuri. Jami'ar ta tsaurara sharuɗɗa, ta ce kada rahoton gwaji ya wuce shekara 3. Ɗalibai suka kai ƙara. A gaban kotu Westling ya amsa cewa babu wata Samantha, shi ya ƙirƙiro ta! A 1997 mai shari'a Patti Saris ta ce wancan sharaɗi ya saɓa wa doka.

Zargin cuwa-cuwa dai bai mutu ba, kuma ba duka ne ƙage ba. A 2019 aka bankaɗo Rick Singer, wanda ya riƙa koya wa 'ya'yan masu hannu da shuni yadda za su nuna gazawa a gaban mai gwaji don a ba su ƙarin lokaci a jarrabawar shiga jami'a.

A ganina, babbar matsalar tana wajen kuɗi. Cikakken gwaji kan ci dubban daloli, sau da yawa daga aljihun iyaye. Tun 2012 ƙungiyar AHEAD, ta jami'an kula da ɗalibai masu naƙasa, ta shawarci jami'o'i su fara sauraron bayanin ɗalibin da kansa kafin neman takarda. Duk jami'ar da ta nace sai da rahoton, ita ya kamata ta biya kuɗinsa.